Gadon Baƙo: Ko Ya Halatta Mai Bi Ya Kai Ɗan'uwansa Gaban Alƙali?

Kafin jama'a su shiga wannan darasi, a karanta Luka 12:13-21, da 1 Korintiyawa 6:1-8, da Littafin Ƙidaya 27:1-11. A karanta dukan ukun a hankali, gama wanda ya riƙe ɗaya ya saki biyu zai tashi da rabin magana.

Tambayar da ke gabanmu sananniya ce a ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa a Fatakwal da Anacha da Inugu. Mutum ya mutu a baƙunci, ya bar mata da 'ya'ya da ɗan abin da ya tara. 'Yan'uwansa sun zo daga gida domin jana'iza, sun ce bisa ga al'ada dukiyar tasu ce. Matar ta ce za ta nemi lauya. Sai waɗansu dattawa suka buɗe mata wasiƙar Manzo Bulus, suka ce ba daidai ba ne mai bi ya kai ɗan'uwansa ƙara. Ta yi shiru, gama ba ta so ta saɓa wa Maganar Allah. Shin dattawan nan sun koya mata gaskiya, ko kuwa sun ɗaure hannunta domin a washe ta?

Bari mu fara duba inda mutanen nan su ke zaune, domin ba a gane nauyin tambayar sai an san wurin.

'Yan Arewa ba baƙin jiya ba ne a waɗannan garuruwa. An sami kwal kusa da Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal domin jiragen ruwa su riƙa ɗaukarsa, hanyar jirgin ƙasa kuma ta haɗa garuruwan biyu a 1916. Da aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai hanya ta miƙe daga Arewa har bakin teku, shanu da albasa da wake da busasshen kifi suka yi ta gangarowa, mutane kuma suna biye da kayansu. Har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yawancin mazauna unguwannin Hausawa Musulmi ne, amma a cikinsu da kewayensu akwai masu bi da yawa: sojoji da 'yan sanda a bariki, masu gadi, 'yan tireda, ma'aikata, mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Zuru da Biu, waɗanda Hausa ce ta tara su wuri ɗaya ran Lahadi. Mutanen nan kuwa sun san yadda dukiya ta kan suɓuce a dare ɗaya. A 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa, 'yan Arewa da ke Gabas suka koma gida ba shiri. Bayan an gama yaƙi a 1970, an yi shekaru ana jayayya a Fatakwal a kan gidajen da Ibo suka gudu suka bari. A Fabrairun 2006 kuma, bayan tarzomar Maiduguri, aka far wa 'yan Arewa a Anacha, da yawa suka haye gada zuwa Asaba da rigar jikinsu kaɗai. A kowane karo, wanda ya tsira da takardarsa yana da bakin magana, wanda ba shi da ita kuwa sai labari.

Baƙo a Nijeriya yana tafe da dokarsa kamar yadda ya ke tafe da harshensa. Wannan ba zancenmu ba ne, hukuncin kotu ne. A shari'ar Tapa da Kuka, a 1945, wani Banufe Musulmi ɗan Bida ya mutu ya bar gida a Ikko ba wasiyya, kotu kuwa ta ce da dokar mutanensa za a raba, ba da al'adar Ikko ba. Saboda haka sa'ad da ɗan Arewa ya mutu a Inugu, tambaya ta fari ita ce, wace doka ce tasa? Maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu shiri a nan, kada mu ji kunyar faɗi. Ko da ya ke babu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a jihohin Inugu da Anambra da Ribas, rabonsu sananne ne: matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya cikin huɗu in babu, 'ya mace tana da rabin rabon namiji, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi. Liman da malamai da Sarkin Hausawa su kan zauna su lissafa, kowa ya san abin da zai samu tun ba a zauna ba. Mai bi fa? Shi yana tsakanin doka biyu, sau da yawa kuma bai san wadda ta kama shi ba.

Ga dalili. Akwai auren rajista, wanda Dokar Aure ta ƙasa ta tsara: a ba da sanarwa a ofishin rajista, a jira kwana 21, a karɓi takarda, a ɗaura auren a majami'ar da hukuma ta ba lasisi, ko a gaban mai rajista, da shaidu biyu. Wanda ya yi irin wannan aure, in ya mutu ba wasiyya, rubutacciyar doka ce ta kan raba dukiyarsa, matarsa da 'ya'yansa su ne a gaba. Tun 1898, a shari'ar Cole da Cole, kotu ta nuna irin auren da mutum ya yi yana iya sāke dokar gadonsa. Amma aure da yawa da mu ke kira auren coci ba na rajista ba ne. An biya sadaki a gida, fasto ya sa albarka, an yi hoto, an ci shinkafa, amma ba a bi ta ofishin rajista ba. A gaban Allah aure ne cikakke, ba mu ce ba haka ba ne. A gaban alƙali kuwa auren gargajiya ne, al'adar ƙabilar mijin ce za ta yi rabo. Al'adu da yawa kuma, a Arewa da Kudu, ba su ba matar mamaci kome ba sai wurin kwana, 'ya'ya mata kuwa an ce gadonsu yana gidan miji. Mata nawa ne a cikin zumuntar mata suka san wane irin aure ne nasu?

Yanzu mu koma ga Littafi. A cikin Luka 12 wani mutum ya roƙi Ubangiji Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Ubangiji ya ƙi, ya nuna ba domin wannan aiki aka aiko shi ba, sa'an nan ya gargaɗi taron a kan haɗama. Waɗansu su kan ɗauki wannan su ce Ubangiji ya raina maganar gado. Amma a lura, bai ce kada a raba ba, bai kuwa ce babu mai rabawa ba. A Isra'ila akwai dokar gado rubutacciya, akwai kuma alƙalai masu zartar da ita. Abin da ya ƙi shi ne a mai da shi sanda a hannun ɗan'uwa ɗaya domin a bugi ɗayan. Gargaɗin kuma ya faɗa wa taron duka, watau ya shafi wanda ya riƙe gadon kamar yadda ya shafi mai nema. Wanda ya karanta wa gwauruwa wannan aya, bai karanta wa ƙanen mijinta ba, ya raba ayar biyu ya ɓoye rabi.

Maganar Bulus ita ce ta fi wuya, ba kuwa za mu sassauta ta ba. Ya ce abin kunya ne masu bi su kai juna gaban alƙalan waje, ya kuma tambaye su ko bai fi musu su haƙura da hasara ba. Wannan magana tana nan da ƙarfinta. Amma sai mu tambaya, su wane ne ke kai ƙara a Korinti? Birnin yana ƙarƙashin dokar Roma, a kotunan Roma kuwa mai arziki da daraja shi ke da rinjaye. Talaka ba ya iya ɗaukar mai yi masa magana, a waɗansu al'amura ma ba a yarda na ƙasa ya kai na sama ƙara ba. Ashe masu jan 'yan'uwansu zuwa kotu su ne masu ƙarfi. Bulus yana kama hannun mai ƙarfi ne. In muka ɗauki maganar da aka rubuta domin a tsare raunana, muka toshe bakin gwauruwa da ita, mun juya takobin baya.

Akwai kuma abu biyu a nassin da idon mai gaggawa ya kan tsallake. Na ɗaya, kunyar da Bulus ya ambata ya ɗora ta a kan ikilisiya, domin ba a sami ko mai hikima ɗaya a cikinta wanda zai iya shiga tsakani ya yanke magana ba. Bai ce a bar rigima ba hukunci, ya ce a yi hukuncin a gida. Na biyu, nan da nan a aya ta 8 ya juya ga masu cuta da zamba, ya tsauta musu. Haƙuri da hasara kyauta ce da mutum ya kan bayar daga abin da ke nasa, da yardar ransa. Ba haraji ba ne da mai cuta zai zo ya karɓa da aya a bakinsa. Har wa yau, gwauruwa mai ƙananan yara ba dukiyarta kaɗai ta ke riƙe ba. Tana iya yafe zanenta da tukunyarta, amma kuɗin makarantar marayu ba nata ba ne da za ta yafe.

Bulus kansa bai guji doka ba. A Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, domin an doke shi ba shari'a, shi kuwa ɗan ƙasar Roma ne. A gaban Festus ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin Kaisar. Ubangiji ma, da ya so ya koya mana naciya cikin addu'a, misalin gwauruwa ya kawo, wadda ta yi ta sintiri wurin alƙali har ya bi mata hakkinta. Da zuwa wurin alƙali zunubi ne, da bai sa ta zama abin koyi ba.

Labarin 'ya'yan Zelofehad ya fi kusa da tambayarmu. Su biyar ne, duka mata, ubansu ya mutu a jeji ba ɗa namiji. Suka tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni da dukan jama'a, suka nemi rabon ubansu. Musa bai ce musu al'ada ta riga ta yanke ba, bai kuma ce su je su yi haƙuri ba. Ya kai maganar gaban Allah, aka ce suna da gaskiya, aka kuwa ƙara sabuwar ƙa'ida a dokar Isra'ila saboda su. A sura ta 36 an sa musu sharaɗi su yi aure a cikin kabilarsu domin ƙasar ta zauna, a Joshuwa 17 kuma mun gan su sun sāke zuwa suna tuni, aka ba su.

Abin mamaki ne yadda wannan tsohuwar ƙara ta sāke tashi a bakin Kwara. A 1963, a shari'ar Nezianya da Okagbue, Kotun Ƙoli ta tabbatar da al'adar Anacha cewa matar mamaci ba ta mallakar gidan mijinta, zama kaɗai ta ke yi a ciki. A 1989, a shari'ar Nzekwu da Nzekwu, kotun ta ce dangin miji ba su da iko su sayar da gidan su bar ta a waje. A 1997 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Inugu, ta bakin Mai Shari'a Niki Tobi, ta la'anci al'adar Nnewi wadda ke tsallake 'ya'ya mata ta ba ɗan'uwa namiji, a shari'ar Mojekwu da Mojekwu, a kan wani gida a Anacha. Kotun Ƙoli ta ga ya faɗaɗa magana fiye da abin da aka kawo gabansa, ta faɗi haka a 2004, ko da ya ke ta bar gidan a hannun matan. Sai a Afrilun 2014 aka yanke magana sarai. A shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, saboda haka ba ta da ƙarfi. A shari'ar Anekwe da Nweke kuma ta rushe al'adar Awka ta korar gwauruwa domin ba ta haifi namiji ba. Jihar Ribas ta kafa doka a 2022 wadda ta ba mata rabo a dukiyar iyali. Waɗannan shari'u a kan al'adun Ibo ne, amma sashe na 42 bai san ƙabila ba, yana rufe 'yar Bakataf da 'yar Babur kamar yadda ya rufe 'yar Ibo.

Amma kada kowa ya ji wannan ya ruga kotu da murna. Mahaifin da aka yi shari'ar Ukeje a kan dukiyarsa ya mutu a 1981, hukuncin ƙarshe ya zo a 2014. Shekara talatin da uku ke nan. Yaron da aka haifa a shekarar rasuwar ya isa ya aurar da ƙanwarsa kafin a gama. Hausawa sun ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba, abin da aka sani shi ne ta kan ci kuɗi, ta kan kuma ci zumunci. 'Yan'uwan da suka tsaya a akwatin shaida suna ƙaryata juna da wuya su sāke cin tuwo a ƙwarya ɗaya. A nan hikimar Bulus ta fito fili. Kotu tana iya mayar da gida, ba ta iya mayar da ɗan'uwa.

Ga abin da mu ke gani, tun da haka ne. A bi matakan Matiyu 18: a yi magana tsakanin mutum biyu, sa'an nan da shaidu, sa'an nan a gaban ikilisiya. Amma zaman ikilisiya ya zama zaman gaskiya, ba na rarrashin mai rauni ba. A tuna da Ayyukan Manzanni 6, inda aka yi gunaguni domin ana manta da gwauraye masu jin Helenanci, watau baƙin harshe, manzanni kuwa suka sa a zaɓi mutum bakwai, dukansu masu sunayen Helenawa, domin su tsaya a kan al'amarin. Dattawan da za su zauna su fara sanin abin da dokar ƙasa ta ba matar, gama ba a roƙon mutum ya yafe abin da ba a gaya masa nasa ba ne. Tambayar lauya ba kai ƙara ba ce, kamar yadda zuwa wurin likita ba yanka ba ne. Wanda ba shi da kuɗi ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ko WACOL da ke Inugu tun 1997. Manyan kotunan Inugu da Ribas kuma suna da zauren sulhu, inda a kan daidaita mutane ba tare da doguwar shari'a ba. In an yi dukan wannan, mai cuta ya taurare ya ƙi jin ikilisiya, to, matar da ta tafi wurin alƙali domin marayunta ba ta yi zunubi ba, ya kuma kamata dattijo ya raka ta.

A kan kisan aure za mu taƙaita, gama yana bukatar darasi nasa. Ikilisiya tana neman sulhu har iyakar ƙarfinta, dokar 1970 ma ta umarci alƙali ya duba ko sulhu zai yiwu, ba ta kuma yarda a shigar da ƙara cikin shekara biyu na farkon aure ba sai da izinin kotu. Amma a sani, auren rajista Babbar Kotu kaɗai ke iya kashe shi. Mayar da sadaki bai kashe shi ba, takardar dattawa ma haka. Mutumin da ya bar matarsa ta rajista a ƙauye ya auri wata a Fatakwal ya haƙa wa mata biyu rami: ran da ya mutu, doka ba ta san ta biyun a matsayin mata ba, ko da ta yi shekara ashirin tana jinyarsa, ko da ya ke 'ya'yanta suna da rabonsu.

Wannan ya kawo mu ga wanda ba a cika ambata ba a cikin rigimar, watau mamacin. Yawancin faɗan gado shi ya shuka shi da shirunsa. Mutane da yawa suna tsoron wasiyya kamar mai rubuta ta yana kiran mutuwa, waɗansu kuma suna ganin rashin bangaskiya ne. Annabi Ishaya ya gaya wa Sarki Hezekiya ya shirya al'amuran gidansa, sarkin kuwa ya ƙara shekara goma sha biyar bayan wannan. Ibrahim, baƙo a ƙasar Hittiyawa, ya ƙi karɓar makabarta kyauta, ya auna shekel 400 a gaban shaidu a ƙofar gari, ya kuma sallami sauran 'ya'yansa da kyautai tun yana da rai domin kada su yi faɗa da Ishaku. Irmiya ya sayi gona sa'ad da maƙiya suka kewaye Urushalima, ya sa shaidu suka sa hannu, ya sa aka adana takardun a tulun ƙasa. Masu aikin juya Littafi sun san wani abu kuma: kalmar Helenanci da mu ke juyawa da "alkawari" ita ce kalmar da mutanen zamanin su ke kiran wasiyya da ita, marubucin Ibraniyawa kuwa ya yi aiki da ma'ana biyun a sura ta 9. Littafin da mu ke karantawa kowace safiya yana ɗauke da sunan wasiyya a bangonsa.

Yin ta ba wuya. A rubuta, mai ita ya sa hannu a ƙarshe a gaban shaidu biyu waɗanda ke wurin lokaci ɗaya, su ma su sa hannu a gabansa. Kada shaida ya zama mai rabo a ciki, ko mijin mai rabo ko matarsa, gama rabon zai faɗi. A ajiye ta a ofishin wasiyya na Babbar Kotu. Gonar da ta ke ta dangi duka ba ta shiga, sai abin da mutum ya samu da guminsa. Wanda ya yi auren rajista bayan ya rubuta, ya koma wurin lauya a sabunta ta. A kuma lura da wani kuskure da ya yawaita a bariki da ofisoshi: sunan da mutum ya cika a takardar banki ko ta fansho cewa shi ne danginsa mafi kusa bai mai da wannan mutum magaji ba. In babu wasiyya, ba a sakin kuɗin sai an kawo takardar izini daga kotu, samunta kuwa ya kan ɗauki watanni, yara suna gida ba makaranta. Wanda ya fito daga gidan Musulmi kuma ya sani, a fikihun Malikiyya bambancin addini yana hana gado, amma bai hana uba ya yi wa ɗansa kyauta yana da rai ba. Wannan magana ce ta ɗa da uba, a yi ta da ladabi tun ana ganin juna.

Sa'ad da aka gama karatu, shugaban aji ya tambayi jama'a abu biyu, kowa ya amsa a zuciyarsa in ba ya so ya amsa a fili: wane irin aure ne naka a gaban doka, kuma matarka ta san inda takardun su ke? Sa'an nan majalisar dattawa ta sa rana ta gayyato lauya mai jin Hausa, ya zauna da maza da mata tare bayan sujada.